Sirdin keke: a ɗaga bakinsa ko a sunkuyar?

Ga tambayarka a taƙaice. Ka sayi keken gwanjo irin mai giya, kana zuwa wurin aiki da shi kullum, tafiyar fiye da rabin awa. Da farko tsakanin cinyoyinka ne ke mutuwa idan tafiya ta yi nisa, sai mai gyaran keken unguwarku ya sunkuyar maka da bakin sirdin sosai. Wancan ya ɗan lafa, amma yanzu zamewa kake yi gaba, tafin hannunka na mutuwa, kafaɗu da wuya sun ɗauki ciwo. Kana so ka san ko akwai mizanin da ake bi, ko kuwa kowa da yadda ya ga dama.

Malam, akwai mizani. Ana farawa ne da sirdi a kwance daidai, bakinsa bai kalli sama ba, bai kalli ƙasa ba. Daga nan ake gusawa kaɗan, digiri 1 ko 2, da wuya a wuce 3. Duk wanda ya ga sai ya karkata sirdinsa har ido na iya hango karkatar daga nesa kafin ya ji daɗin zama, to matsalarsa ba a karkatar take ba. Tana wani wuri, karkatar rufe ta kawai take yi. Abin da ya same ka shi ne an gudu gara an faɗa gidan zago, kuma ban ga laifin mai gyaran sosai ba, don abin da yawancin mutane ke fara yi ke nan.

Sai ka fahimci a kan me mutum yake zama tukuna. A ƙasan ƙashin ƙugu akwai ƙasusuwa biyu masu tsini, ɗaya a kowane ɓangare na mazaunai. Idan ka zauna a kan benci mai tauri su ne kake ji suna taɓa katako. Su aka halitta don ɗaukar nauyi, kuma faɗin bayan sirdi dominsu aka yi shi. A tsakaninsu kuwa, daga dubura zuwa gaba, tsoka ce mai laushi wadda jijiyoyin jini da jijiyoyin ji da ke zuwa al'aura suka ratsa. Wannan wuri ba ya jure danniya. Idan nauyinka ya sauka a kansa, jini ya ragu, jijiya ta matsu, shi ne kake jin wurin ya mutu kamar ba naka ba. Duk aikin saita sirdi bai wuce a mayar da nauyi kan ƙasusuwan nan biyu a ɗauke shi daga tsakiya ba.

To duba abin da sunkuyar da baki sosai yake jawowa. Sirdin ya zama gangare. Kowane juyi na feda, jikinka na silalowa gaba kaɗan, kuma ba abin da zai tare shi sai hannuwanka a kan sitiyari. Hannun da aikinsa juya keke da kama birki ne ya koma tokare gangar jiki. Akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu zuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ita ce ke fara matsuwa, shi ya sa waɗannan yatsu biyu ke riga sauran mutuwa. Gwiwar hannu ta sandare, kafaɗa ta ɗage, wuya ya ƙage. Cinyoyi ma suna aiki biyu, suna tuƙi suna kuma tura ka baya, gwiwa ta fara ƙorafi. Abin takaicin ma, in ka gaji da turawa ka bar jikin ya zame, inda za ka tsaya shi ne kan siririn bakin sirdin, wato daidai wurin da zai danne tsakiyar da ake ƙoƙarin kuɓutarwa. Ina da yaƙinin idan ka lura da kyau za ka ga tsohon ciwon bai tafi ba, jinkirin zuwa kawai yake yi.

Ɗaga baki sama kuma nasa sharrin a fili yake. Bakin na tokare ka kai tsaye, sai jiki ya guje masa ta hanyar mirgina ƙugu baya, gadon baya ya lanƙwashe, ciwon ƙugu ya biyo. Mata sun fi maza saurin jin wannan, don idan mace ta sunkuya gaba a kan keke nauyin kan sauka ne a kan tsokar gabanta, ya kawo kumburi da saɓar fata.

Yadda za ka auna. Ka tsayar da keken a daɓe mai kyau wanda ba shi da gangara, tayoyi da iska, kada ka jingina shi a karkace ko ka ɗora shi a kan ƙafarsa ta gefe. Ka samo ɗan katako miƙaƙƙe ko littafi mai bango mai tauri ka ɗora a kan sirdin, sannan ka aza ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kai. In babu, yawancin wayoyin zamani suna da manhajar auna karkata, ko a sauke ta kyauta. Kafin ka yarda da abin da ta nuna, ka fara aza wayar a ƙasa tsakanin tayoyin biyu, don daɓen gidajenmu da yawa an yi shi da gangara saboda ruwa ya wuce. In kana shakka, ka auna, ka juya keken ya fuskanci inda ya ba wa baya, ka sake aunawa, ka ɗauki tsakiyar lissafin biyu.

Akwai wani tarko a nan. Ba kowane sirdi ne shimfiɗaɗɗe daga baki zuwa baya ba. Da yawa bayansu ya ɗan ɗaga sama, tsakiyarsu ta lotsa. Idan ka ɗora katako daga ƙarshe zuwa ƙarshe a kan irin wannan ka daidaita shi, za ka tarar wurin da kake zama na ainihi ya ɗaga baki sama. A irinsa, sashen tsakiya zuwa baki ake aunawa, a bar bayan ya yi tashinsa. A ido zai yi kamar ya ɗan sunkuya, amma hakan ne daidai.

Mutane na raina digiri ɗaya. Sirdin keken giya tsawonsa kan kai santimita 27 ko kusa da haka. A wannan tsawo, digiri 1 na nufin bambancin kusan milimita 5 tsakanin baki da baya. Digiri 3 ya kusa santimita ɗaya da rabi. Jikin da ke zaune a kai yana jin milimita 5 ɗin nan sarai bayan minti 20. Saboda haka kada ka yi gyara da ido. Ka sa alama da alƙalami ko ɗan fenti a kan maƙalar da ke riƙe sirdin kafin ka kwance ta, ka rubuta abin da wayar ta nuna, domin in sabon saitin bai yi ba ka san inda za ka koma.

Kwancewar kanta ta danganta da irin maƙalar da ke riƙe sirdin a kan sandarsa. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh, Phoenix da Hero, waɗanda ake ɗora wa buhu da jarka, maƙalarsu daban take da sandar, da noti a kowane gefe, sifana mai lamba 13 ko 14 ke kwance ta. A cikinta akwai faranta masu haƙora da ke cizon juna. Ba sai ka cire notin gaba ɗaya ba, sassautawa za ka yi har haƙoran su saki, ka juya, ka ɗaure. Matsalarta ita ce tsalle take yi daga haƙori zuwa haƙori, sau da yawa wannan ya yi sama da yawa, na gaba ya yi ƙasa da yawa. In ka faɗa wannan hali, zaɓi wanda ya fi kusa da kwance. Kuma ka duba haƙoran, don in sun cinye sirdin zai riƙa ɗaga baki da kansa duk lokacin da ka faɗa rami, kana ta zargin kanka alhali maƙalar ce ta mutu. Sabuwa ba ta da tsada.

Kekunan giya irin naka iri biyu ne. Wasu ƙusa ɗaya ce a ƙarƙashin sirdin, ana kwance ta da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida da ake zurawa a kan ƙusar, galibi mai milimita 6. Ka sassauta, ka ɗan bugi sirdin da tafin hannu don ya saki, ka juya. Ka kiyaye kada ya zame gaba ko baya a kan ƙarafa biyun da ke ƙarƙashinsa yayin da kake wannan. Wasu kuma ƙusa biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma wannan ya fi kowane kyau don ba shi da tsalle. In kana so baki ya sauka, ka sassauta ta baya rabin juyi ka ɗaure ta gaba rabin juyi. In kana so ya tashi, ka yi akasin haka. Yawancin masu ƙerawa suna rubuta iyakar ƙarfin ɗauri a jikin sandar. Kada ka sa bututu a kan alanki don ƙarin ƙarfi, ƙusar kan tsinke, kuma ba ta tsinkewa sai kana kan titi.

Bayan ka mayar da shi kwance, ga gwajin da na fi yarda da shi. Ka nemi hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, ka sa giya mai ɗan nauyi, kana tuƙi a natse sai ka sassauta riƙon sitiyari har yatsunka kawai ke taɓa shi. In ka ji kana zaune daram, saitin ya kusa. In ka ji kana silalowa gaba dole sai ka damƙe, baki ya yi ƙasa da yawa. In kuma ba ka zamewa amma kana jin tokari a gaba, ka sauke digiri 1. Sannan ka yi kwana uku ko huɗu kana zuwa aikinka a haka kafin ka sake taɓa komai. Zagaye ɗaya a ƙofar gida ba ya nuna gaskiya, kuma in ka canza abu biyu a rana ɗaya ba za ka taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Yanzu ga abin da nake zargi a kekenka, wato abin da ya kawo mutuwar tsakanin cinyoyin tun farko. Zargina na farko tsayin sirdi ne. Sirdin da ya yi sama da yawa yana sa ƙafa ta riƙa miƙewa tana neman feda, ƙugu na rangaji dama da hagu, tsakiya na gogar sirdi a kowane juyi. Mai irin wannan zai rantse maka bakin sirdi ne ke cin sa, alhali santimita ɗaya da za a sauke ya wadatar. Ka gwada haka: ka zauna, wani ya riƙe maka keken, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, masu aunawa suna neman tsakanin digiri 25 zuwa 35. Akwai kuma lissafin da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku: ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar gindin feda, wato inda hannayen feda biyu suka haɗu da jikin keke, zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai, don an yi shi ne domin 'yan tsere, mai zuwa aiki da silifas yakan so ƙasa da haka kaɗan. Ka sa wani ya bi ka a baya ya kalli ƙugunka kana tuƙi, in yana rawa to ka yi sama. Kuma a jikin sandar sirdi akwai layin da ke nuna iyakar da za a iya zaro ta, kada ka wuce shi.

Zargi na biyu nisan sitiyari ne. Keken gwanjo ba a kan jikinka aka auna shi ba, abin da aka samu a kasuwa ne. In ya yi maka tsawo, ko sitiyarin ya yi ƙasa da sirdi sosai, dole ka kifa gaba, ƙugu ya mirgina, nauyi ya bar ƙasusuwan zama ya koma tsakiya. Maganin wannan a ɗaga sitiyari ko a sa masa gajeren wuya ya matso kusa. Kada ka ja sirdi gaba don ka cimma sitiyari, yin haka ƙara ɗora nauyi a hannu yake yi.

Na uku sirdin kansa. Tazarar ƙasusuwan zama ta bambanta, a wurin manya yawanci tana tsakanin santimita 10 zuwa 14, ta mata kan fi ta maza faɗi a matsakaici. Za ka iya auna taka a gida: ka shimfiɗa kwali mai kauri a kan benci, ka zauna ka ɗan sunkuya, ka tashi ka auna tsakanin lotsawa biyun. Wurin zaman sirdin ya kamata ya fi wannan tazara da kamar santimita 2. In ya yi maka siriri, ƙasusuwan na rataye a gefe, tsakiya ce ke ɗauke da kai, kuma babu karkatar da za ta gyara wannan. Kada kuma ka ruɗu da laushi. Na san ana son a naɗe sirdi da soso ko tsumma, a ɗaure da roba. A tafiyar minti 10 yana da daɗi. A doguwar tafiya ƙasusuwan na nutsewa cikin soson, shi kuma ya kumburo ta tsakiya ya danne inda ba a so. Sirdi mai ɗan tauri da faɗin da ya dace, musamman mai rami ko kwari a tsakiya, ya fi wa mai tafiyar kullum.

Ba kowane keke ne ke bin mizani ɗaya daidai wa daida ba, kuma dalilin zaman mutum ne. Wanda ke kan Phoenix zaune yake a miƙe, nauyinsa kusan duka a bayan sirdi, ga sifirin a ƙasa. Idan ya zauna sifirin na baya kan lotsa, bakin ya ɗan tashi, don haka abin da ma'auni ya nuna babu kowa a kai ba shi ne abin da jiki ke ji ba. Sirdin fata zalla, irin wanda kamfanin Brooks na Ingila ya shahara da shi, shimfiɗe fatar take tsakanin ƙarfen baki da na baya, tana da santsi kuma tana lotsawa, shi ya sa masu hawansa da yawa ke ɗan ɗaga bakinsa don wurin zaman ya kwanta daidai. Ɗan tsere kuwa da ke kifewa har ƙirjinsa ya kusa sitiyari, shi ne mai buƙatar baki ya sauka. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta daɗe tana tilasta sirdi ya kasance kusan a kwance, ba a wuce digiri 3. A farkon 2016 ta sassauta zuwa digiri 9 da rangwamen digiri 1, bayan ƙorafin raunukan da 'yan tsere ke samu, musamman mata, kuma hukumar keke ta Birtaniya na cikin waɗanda suka matsa a kan hakan. Kada ka ɗauki 9 ɗin nan a matsayin shawara gare ka. Iyaka ce ta doka ga mutanen da ke taka feda da ƙarfin da shi kansa ke riƙe su a kan sirdi. Kai da ke tafiya a natse kana kaucewa Keke Napep, ba abin da zai riƙe ka sai hannunka.

Za ka iya cin karo da masu kafa hujja da wani bincike da aka buga a 1999 a mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya, inda aka sunkuyar da sirdin masu fama da ciwon baya da digiri 10 zuwa 15, mafi yawansu suka ce sun sami sauƙi. Binciken gaskiya ne, amma mutane kaɗan aka gwada, kuma bayansu aka tambaya. A ganina darasin da ke ciki shi ne mai ciwon ƙugu ya gwada sauke baki kaɗan, ya daina zama da shi a ɗage. Ban ga hujjar da za ta sa mai lafiyar baya ya mayar da sirdinsa gangare ba.

In an yi duk wannan tsakiya ba ta daina mutuwa ba, akwai sirdi marar baki ko mai gajeren baki da aka raba biyu. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi nazari a kan 'yan sandan da ke sintiri da keke awanni da yawa a rana, ta kuma ba da shawarar irin wannan sirdi ga masu aiki a kan keke. Yana ɗaukar lokaci kafin a saba, don cinyoyi na taimakawa wajen sarrafa keke ta bakin sirdi, in babu shi sai ka ji keken na yawo a ƙarƙashinka. Samunsa ma a kasuwanninmu sai an bincika. Ba zan ce ka fara da shi ba.

Tufafi ma suna da hannu, kuma ba a cika faɗa ba. Wando mai kaurin ɗinki a matsematsi, irin jins, ɗinkin na zama daidai inda nauyi yake. Ga zafinmu da gumi, fata ta jiƙe ta goge, ƙuraje su fito, mutum ya fara zama a karkace don gudun ciwon, daga nan ya ce sirdi ne. Wando mai laushi marar kaurin ɗinki, da sauya na ciki in an isa, suna rage wannan sosai. Kuma ka saba miƙewa tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi kowane minti 10 ko makamancin haka, da duk lokacin da za ka haye rami ko tudun rage gudu. Jini na komawa wurin nan take.

Mutuwar da ke wartsakewa cikin 'yan mintuna bayan an sauka alama ce ta saiti, gyara take nema. Amma in ta kwana, ko ta kai kwanaki, ko ka ga canji wajen fitsari ko wajen kusantar iyali, ko yatsunka sun rasa ƙarfin riƙe abu, ka ajiye keken ka ga likita, kunya ba ta da wuri a nan. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar kiyayewa, don jijiyoyinsa na iya riga sun yi rauni, ba zai ji gargaɗin da wuri ba.

Gobe kafin ka fita, ka mayar da sirdin kwance da ma'auni, ka yi gwajin dunduniya, in ya nuna ka yi sama ka sauke santimita ɗaya. Wannan karon kaɗai za ka haɗa gyara biyu, don sunkuyarwar da aka yi ta yi yawan da ba a gina komai a kanta. Ka yi kwana huɗu a haka. In hannu ya warware amma tokarin gaba ya dawo, ka sauke baki digiri 1, ka ƙara kwana huɗu, in ta kama ka ƙara 1. Idan ka kai digiri 3 bai daina ba, ka bar maƙalar haka nan, ka ɗauko kwali ka auna ƙasusuwan zamanka, ka tafi da ma'aunin wurin masu sayar da kayan keke.